Shekara Tara da Kwana Huɗu

Zuwa ga Dujam, sarkin Morasta kuma sarkin zuciyata, maigidana, uban 'yata, inuwar da na rasa har shekara tara. Ya kai itacen zaitun da guguwa ta kwantar amma ta kasa tumɓukewa! Ya idon ruwa mai sanyi a tsakiyar duwatsu, ya fitilar da masunta ke hangowa su gane hanyar gida! Gaisuwa daga matarka Taddea, wadda sai yau numfashi ya sauka har ƙasan ƙirjinta.

Ka dawo! Ka dawo, Dujam! Na rubuta sau biyu don in ga ko takarda za ta ƙaryata ni, ba ta ƙaryata ba. Ga ka can a tsibirin killacewa, ina hango farin ɗakinka daga wannan tagar. Tsakanina da kai ɗan ruwan da kwale-kwale ke hayewa kafin a gama addu'ar safe. Kuma wa ya hana ka ƙarasowa? Ni. A shekarar annoba na kafa doka cewa duk wanda ya fito daga teku sai ya yi kwana arba'in a can kafin ya taka gari, ko masunci ne ko babban limamin coci. Ina na san tarkon da na ɗana wa cuta zai kama mini miji?

Ka tuna ranar da aka kawo ni daga ƙetare? Kwana shida jirgi yana wasa da hanjina. Gari ya cika bakin ruwa, ana ta kaɗa ƙararrawa, mata suna watsa furanni. Ka miƙo hannu ka sauko da ni, gaisuwar farko kuwa da na yi wa ƙasarka ita ce amai a kan sababbin takalmanka.  Na so ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa ka dubi takalman, ka dube ni, ka ce da harshenmu da ka koya rabi da rabi, "Madalla. Wannan amarya ba za ta ɓoye mana abin da ke cikinta ba." Sannan ka ɓare lemo, ka kara mini ɓawon a hanci har jiri ya sake ni. Manya ne suka ƙulla aurenmu a takarda, amma a kan wancan dakalin, da ƙamshin lemo a hancina da dariya a idonka, ni na ƙulla nawa da kaina.

To tunda ka shaide ni tun ranar farko, yau ma ba zan ɓoye maka komai ba.

Da aka kama ka a yaƙin teku, jakadan Trabina, ƙasar da ta kama ka, ya zo ya ajiye zobenka a gabana. Ya ce, "Ku ba mu ganuwar Galeb, mu ba ku sarkinku." Kai ka fi kowa sanin Galeb. Tana zaune a bakin mashigar jirage, duk wanda ya riƙe ta ya riƙe maƙogwaron Morasta. Na nemi a ba ni zuwa tsakar rana. Na hau ganuwar ni kaɗai, na leƙa gari. Na ga hayaƙin masu gasa burodi, na ga shanya a kan soraye, na ga mata suna ɗinke komar mazajensu a bakin ruwa. Zobenka yana tafin hannuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida. Na sauko na ce a'a.

Ƙanenka Bartol, da ya durƙusa yana roƙona da hawaye, ya miƙe ya ce, "Matar yaya, da dutse aka aurar da ke ko da ɗan'uwana?" Shekara uku bai ƙara yi mini magana ba sai a majalisa. Ban ga laifinsa ba. Daga baya wani matuƙi da ya kuɓuto ya gaya mini abin da kalmata ta jawo maka: ranar da aka karanta maka amsata, ranar aka fitar da kai daga ɗakin bene inda ake girmama ka, aka ɗaure ka da sarƙa a cikin masu tuƙa jirgi. Wayyo Dujam! Da bakina na sa maka wannan sarƙar. Tun daga ranar, duk jirgin da na ga ana tuƙawa, sai in ji kamar a kafaɗata ake jan itacen tuƙin.

Haka na yi riƙon sarautarka. Na zauna a ƙasan kujerarka, ban taɓa hawa kanta ba. Na raba faɗan makiyaya da masu gonar inabi, na koyi gane mai ƙarya tun kafin ya buɗe baki, na sa hannu a hukuncin da har yau ba na son tunawa. Sau uku ana aiko mini da labarin mutuwarka, kowane labari kuma da mai neman aure a bayansa. Aka ce in sa baƙaƙen kaya, na ƙi. Aka ce a yi maka addu'ar matattu, na ce a kawo mini gawa tukuna. Mutane suna cewa Sarauniya Taddea ba ta da hawaye. Ina da su, masoyina, teku ce shaidata, domin ita na riƙa zuba wa, ko za ta kai maka ɗanɗanonsu.

A bazarar bana da mayaƙan Trabina suka zo da jirage talatin su ƙwaci Galeb da ƙarfi, Bartol ne ya tsaya a kanta. Ta tsaya, ya tsaya, aka kama yarimansu da rai. Shi muka mayar musu, suka ba mu kai.

Amma duk shekaru taran nan ba su kai mini nauyin kwana ukun da suka wuce ba. Ran Litinin na tsaya a kan katangar bakin ruwa, na ga an sauko da wani dogon mutum ramamme mai farin gemu a tsibirin. Na gane ka ta tafiyarka. Na ɗaga hannu. Ba ka ɗaga ba. Ko fada ba ka waiwaya ba. Na ce shi ke nan, bai yafe ba. Ya dawo wa ƙasarsa, bai dawo mini ba. Ni da na kalli jakadu ido cikin ido ban ƙifta ba, na ɗauki alƙalami ya fi sau goma na ajiye. Me zan rubuta? In ce ka yafe mini? Ai da za a sake tambayata, amsar nan dai zan sake bayarwa, kuma ka sani. In ce ban yi nadama ba? Ai ba ranar da ta fito ta faɗi ban yi ba. Sai na riƙa aika maka da cuku da ɓaure da gasasshen kifi, ina laɓewa a bayan kwando kamar yarinya.

Yau da hantsi muna tsakiyar majalisa, sai ga tsoho Frane, mai kwale-kwalen da ke miƙa muku abinci da doguwar gora. Ya shigo yana ƙarnin kifi, yana murza hularsa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mai jegon can ya ba ni saƙo."

Na ce, "Wane mai jego kuma, Frane?"

"Wanda kika zaunar kwana arba'in mana. Ya ce in faɗa miki yadda ya faɗa, kada in ƙara gishiri. A nan zan faɗa, ko za a kori jama'a?"

 Na ce ya faɗa a nan. A gabansu na yanke hukunci, a gabansu zan karɓi nawa.

Ya gyara murya ya ce, "Ya ce wai shekara biyu yana fushi da ke, ba zai ɓoye ba. Kullum yana tuƙi yana shirya maganar da zai gaya miki. Sai wata rana jirginsu ya bi ta gaban wani gari da ya ba wa Trabina ganuwarsa ta ruwan sanyi. Ya ce babu rufin ɗaki ko ɗaya a tsaye, karnuka kaɗai ke yawo a bakin ruwa. Ya ce tun daga ranar, in an dake shi sai ya ce a ransa, ku yi ta duka, matata ta fi ku wayo."

Na dafa tebur. Frane ya ce, "Ban gama ba, uwar ɗakina. Ya ce ran Litinin bai gan ki ba, idonsa ba ya gani nesa yanzu. Ya ce bai rubuto ba don yatsunsa sun ƙi riƙe alƙalami, yana jin kunya. Ya ce kwana uku yana jiran takarda, sai cuku ake ta aiko masa, har ya fara zaton kin saba da rashinsa. Ya ce in tambaye ki, shi ɓera ne?"

Wayyo Dujam! Na zauna daɓas a ƙasa a gaban dattawan Morasta, ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Waziri Serafin ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa. Bartol ya zo ya ɗago ni da hannunsa, gemunsa jiƙe, ya ce, "Tashi, matar yaya, kada ki ba mu kunya," alhali shi ya fi ni sharɓe.

Ashe haka sauƙi yake! Ka san yadda iskar arewa ke kwana bakwai tana dukan gari, sai wata safiya ka farka ka ji shiru, teku ta kwanta luf kamar man zaitun a kasko? Ka san yadda kurangar inabi ke yin kamar ta mutu duk lokacin sanyi, sai ka wayi gari ka ga ɗan kore a jikin busasshen reshe? Haka zuciyata take yau. Ashe kai ma tsoro kake ji! Mu biyu, sarki da sarauniya, kowa ya tsaya a nasa gefen ruwa yana rawar jiki, sai da mai kwale-kwale ya raba mu da wauta.

Kada ka ji kunyar yatsunka, ya zumar rayuwata. Kawo su in sumbace su ɗaya bayan ɗaya, ni zan zama alƙalaminka. Idon da ba ya gani nesa kuwa, ba zai sake buƙatar hakan ba, don ba zan ƙara yin nisa ba. Gara ma da ya rage gani, domin amaryar da ka bari ba ita za ka tarar ba. Furfura ta cinye gaban kaina. Haƙori ɗaya ya tafi. Muryata ta yi kauri, har ina katse maza in suna magana. Mahaifiyarka ta rasu shekara huɗu ke nan, hannunta a cikin nawa, kuma ta yafe mini kafin ta cika. 'Yarmu Dobrila da ka bari tana famfara ta kai kafaɗar Bartol, ta gaji taurin kaina da dariyarka.

Ga kuma wata gaskiyar da ta fi wuyar faɗa. Hannuna ya saba da hatimi. Zan mayar maka da shi da farin ciki, naka ne, amma ina roƙonka kada ka mayar da ni ɗakin saƙa. Ka bar ni a gefenka. Na san ƙasar nan yanzu kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, ka bar ni in nuna maka ita.

Saura abu ɗaya. Da na share fuska na sa Waziri Serafin ya ɗauko dokar killacewa ya karanta mini ita daga farko har ƙarshe. Da ya gama na ce, "Ta ce kada kowa ya fito. Ina ta ce kada kowa ya shiga?"

Ya sake dubawa, ya ce, "Ranki ya daɗe, ba mai hankalin da zai so shiga, shi ya sa ba mu rubuta ba."

Na ce, "To ka sami mara hankali."

Ya ce, "In kika taka tsibirin nan, ƙidaya za ta koma farko. Kwana arba'in cur, ke da shi, ba ragi."

Na ce, "In da hali ka ƙara mana goma."

Na damƙa hatimi a hannun Dobrila, Serafin a damanta, Bartol a hagunta. In Morasta ta iya shekara tara ba sarki, za ta iya kwana arba'in ba sarauniya.

Gobe, da an tashi daga addu'ar safe, ka fito bakin ruwa. Ba sai ka hango ni ba. Ka tsaya kawai ka saurara, za ka ji Frane yana ƙorafin an cika masa kwale-kwale da kaya, za ka ji wata mace tana ce masa ya rufe baki ya yi tuƙi. Idan ka ji ƙafa ta taka tsakuwa, ka buɗe hannunka.

Ban taɓa zama ta wani ba, ba kuwa zan zama ba. Taka ce a gaɓar nan yau, taka a waccan gobe, taka har ranar da za a kwantar da mu a ƙarƙashin dutse ɗaya.

Matarka,
Taddea