Bencin Shagona da Sabon Shugaban Kasuwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar warkewarta ke nan.

Yaya, Kawu ya isar min da saƙonka, cewa in je in ba sabon shugaban kasuwa haƙuri kada a ƙwace min shago. Ina jin ba a ba ka labarin daidai ba. Ka san ƙa'idata, wanda ya riga zama a benci shi nake fara yi wa aski. Ranar da abin ya faru, tsohon shugaba, wanda ya faɗi zaɓe, shi layi ya zo kansa. Mutanen da a da suke rige-rigen riƙe masa hula duk sun matsa gefe, sai ka ce faɗuwa zaɓe cuta ce da ake ɗauka. Kwatsam sai ga sabon shugaba da 'yan rakiyarsa. Wallahi nan take benci ya watse, kowa na cewa shi ba sauri yake ba, har da mai shayin da ya gama yi min masifa wai ina ɓata masa lokaci. Ni dai na kira mai layi na ɗaura masa ƙyalle. Sabon shugaba ya daɗe yana kallona ta madubi, sannan ya juya. Ba a jima ba aka aiko wai ƙungiyar 'yan kasuwa na bukatar shagon don ajiye kujeru, in tashi ƙarshen wata.

Abin da zai ba ka dariya, su biyun tuni sun shirya. An ba tsohon muƙamin mai ba da shawara, kuma shi aka turo jiya ya lallashe ni. Yana zaune a kujerata yake faɗa min ya kamata yaro ya san girman manya, wai da ma shi ya yi niyyar barin layinsa, ni ne na yi gaggawa. Na ci gaba da gyara masa bayan kunne.

Kada ranka ya ɓaci, Yaya, amma ba zan je ba. Da ma ba don tsohon shugaban na yi ba. In na ba da haƙuri yau, gobe ɗan dako zai wuni a benci masu manyan riguna na tsallake shi, ni kuma ina sunkuyar da kai. Mai gyaran keke ya ce zai matsa min a gefen rumfarsa. Babu wuta a wurin, amma almakashi da reza ba ruwansu da wuta. Kujera, madubi da benci nawa ne, kuma da rana tsaka zan ɗauke su, ta ƙofar ofishin ƙungiya zan bi.

Ka gaishe min da maiɗakinka da takwaran Baba da 'yar autarku mai surutu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku.

Naka,
Ƙaninka mai aski