Notin da Yaya Sani ya bari

Daren Alhamis, ƙarshen damina

Barci ya ƙi zuwa. Yau na buɗe shagon Yaya Sani na Fagge, karo na farko tun rasuwarsa watannin baya. Laima ta cinye komai, sufana da guduma sun yi jawur da tsatsa.

Amma kwalbar nan tana bisa kantar shagon, wadda ya zuba wa ruwan gishiri ya jefa noti ɗaya na ɗaure ƙarfe da ya samo wurin gyaran jiragen sama. Ya taɓa ce mini, "A tukunyar da aka zuƙe wa iska kaf ake turara shi da alminiyon. Habu, ni zan riga shi ruɓewa." Dariya muka yi ranar.

Notin yana nan fes. Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne ruwan. Kwalbar ba murfi, Yaya Sani ne ke ƙara mata ruwa duk Juma'a da yana raye, ga ta kuwa cike taf, kuma rufin wajen ba ya yoyo.

Na tambayi matarsa ko ita ke ƙarawa. Sai ta ce:

"Habu, ai tun ranar jana'iza makullin yana hannunka."

Na yi masa addu'a. Fitila dai ba zan kashe ba.