A Ba Ni Harsashi Ɗaya In Sauwaƙe Wa Mazon Nan

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Baka,
Shugaban ƙungiyar mafarautan yankinmu,
da dattawan da suke zama tare da shi.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan 'yan ƙungiya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri.

Ni ne Da Pam, manomin rani a bakin tsohon ramin kuza mai cike da ruwa da ke bayan Kuru, mai 'yar siririyar bindigar nan da samarin ƙungiya suke yi wa tsiya, wai sandar malamin makaranta. Ka san ni, ka san mahaifina. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na zo gidanka aka ce ka tafi taro. Na dawo aka ce kana hutawa. Na sake dawowa na zauna a bencin ƙofar gida har inuwa ta gudu ta bar ni, ba wanda ya ce mini shigo. Na gaji, ranka ya daɗe, gwiwoyina ma sun gaji, shi ya sa na bar wa takarda aikin.

Ga maganar a taƙaice. Akwai mazo a bayan gonata da harsashina a kafaɗarsa, bai mutu ba, bai warke ba. Bindigata tana kulle a ɗakinka. Harsashin da zai sauwaƙe masa yana cikin akwatin ƙungiya. Roƙona shi ne a haɗa ni da su biyun na safiya guda. Sauran abin da zan faɗa bayani ne kawai, domin waɗanda za su karanta ba su san yadda aka yi ba.

Na ɗaya, maganar bindigar. Tawa ba irin mai baki biyun nan ba ce da yawancin 'yan ƙungiya suke riƙewa, wadda take watsa ƙwayoyi. Mai ƙaramin baki ce, ƙwaya ɗaya take turawa, amma tana kaiwa nesa. Mahaifina ya same ta a hannun wani Bature da ya yi wa aiki a zamanin haƙar kuza, kuma tun da ta dawo hannuna ban taɓa barin lasisinta ya mutu ba. Harsashinta iri biyu ne. A ido kusan ɗaya suke, kuma duka suna shiga bindigar lafiya lau. Akwai mai sauƙin kai, na zomo da zabo, wanda da ya taɓa abu sai ya tarwatse. Akwai mai nauyin kai, wanda yake ratsa ƙashi ya kai inda ake so ya kai. Shi ne na gada da mazo. Mazo kuwa, ga wanda bai san shi ba, ɗan'uwan barewa ne, ya fi ta jiki, da zanen fari a haƙarƙari da ƙaho murɗaɗɗe. Dabba mai jiki irin wannan, mai sauƙin kai ba ya kashe ta, azaba kawai yake ba ta.

Na biyu, ban zauna na naɗe hannu ba. Tun da harsashi ya fara wuya nake yawon neman mai nauyin kan nan. Oga Emeka, mai shagon harsashi da lasisi a wajen Tina Junction, tun gashinsa yana baƙi nake ciniki da shi. Ya shigar da ni har ciki ya nuna mini kanta wayam, yanzu takalman roba da tocila yake sayarwa. Ya ce kaya sun maƙale, takardu ake jira, shi ma bai san ranar ba. Duk ranar da na kai kabeji kasuwar Farin Gada sai na biya ta wajensa, har ta kai tun ban sauko daga keke ba yake ɗaga mini hannu daga bakin ƙofa, alamar kada in wahalar da kaina. Wani tsohon ma'aikaci a Kuru yana da irin bindigata, na je gidansa na tarar ya rasu, 'ya'yansa sun miƙa bindigar da duk abin da ke tare da ita ga hukuma. A Farin Gada kuma wani mai lodin mota ya ja ni gefe, ya ce ya san wanda zai samo mini ko wane iri nake so, ba tambaya ba takarda. Na ce masa na gode, ya riƙe kayansa. Mu da muka tsufa a garin nan mun ga abin da harsashin da ba a san asalinsa ba yake yi wa mutane, ba zan sa hannuna a ciki ba ko da gonar za ta ƙare.

Na uku, rabon da aka yi. Da ƙungiya ta samu ɗan harsashin da ta samu, Ɗanladi ma'ajin kaya ne ya raba. Ba kwali, ba rubutu, a leda ya ƙulla wa kowa nasa kamar mai sayar da gyaɗa. Ina kwance tawa na ga masu sauƙin kai ne. A take na gaya masa, a gaban mutane, cewa wannan na zomo ne, ba zai kayar da babbar dabba ba. Ya yi dariya ya ce in dai ya shiga bindiga ai ya yi, Baba a yi maneji. Ban ga laifinsa sosai ba, mai baki biyu ya sani, bai taɓa riƙe irin tawa ba. Amma da ya buɗe akwatin na ga kwalin masu nauyin kai da idona, a rufe ko ɓarewa ba a yi ba. Na tambaya, ya ce an ajiye wa manyan baƙin da suke zuwa farautar shekara ne, kuma umarninka ne. Na sa ledata a aljihu.

Na huɗu, yadda aka yi harbin. Mazon nan daga cikin duwatsu yake saukowa. Gonata ya ɗan taɓa ta, amma wadda ya ɗora wa karan tsana ita ce ta maƙwabciyata Ngo Chundung, wadda mijinta ya rasu, kuma da karas da koren waken da take nomawa a ciki take ciyar da jikokinta. Ba abin da ba mu gwada ba. Mun rataya gwangwanaye, mun kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, mun ɗaure kare. Shingen ƙerana mai ƙaya kuwa tsallake shi yake yi kamar ba a dasa ba. Da ta gaji sai ta kai kuka ƙungiya, kuma saƙo ya zo mini ta bakin Ɗanladi cewa ka ce ina da lasisi, an ba ni harsashi, me nake jira? Na sake cewa harsashin ba nasa ba ne. Aka ce tsufa ne ya sa nake neman dalili.

To, na tsaya masa da sassafe. Na saita bayan kafaɗa, inda na saba. Ya durƙusa, na ce shi ke nan, sai ya miƙe ya yi haushi irin na kare, ya ruga da ƙafa uku. Na bi jini har ya ɓace mini a kan dutse. Na wuni ina bi, washegari na koma, ban same shi ba. Ba na musu, ranka ya daɗe, ɗan yatsana ne ya ja kunamar bindigar. Ba kai ba ne, ba Ɗanladi ba ne.

Na biyar, hukuncin. Dokarmu ta bin jini ta ce wanda ya raunata dabba ya dawo ba tare da ita ba, a kwantar da bindigarsa a ɗakin Sarkin Baka har shekara ta zagayo. Ba na jayayya da dokar nan. Doka ce mai kyau, ita ce ta bambanta mu da masu harbin banza, kuma ni kaina na sha zama a cikin dattawan da suka yanke wa wasu ita. Shi ya sa ba a aiko a karɓa ba, da ƙafata na kawo bindigar a naɗe cikin buhu. Abin da ya ci mini rai shi ne, a duk zaman da aka yi ba wanda ya tambayi wane harsashi aka ba ni. Da na fara bayani aka ce doka ba ta san bayani ba. Haba, ranka ya daɗe! Ni da na yi muku gargaɗi tun ranar rabo?

Na shida, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Mazon ya dawo. Ba ya iya hawa dutse yanzu, ba ya iya tsallake shinge, sai ya samu wani ɗan tsibiri na dogayen ciyayi a bakin ramin kuzar ya maƙale a ciki. Kullum na zo tada injin ban ruwa sai na gan shi daga tsallake. Kafaɗar ta kumbura, ƙudaje sun yi mata baƙi, haƙarƙarinsa duk sun fito. In iska ta juyo har wari nake ji. Da can ko tari na yi sai ya ɓace. Yanzu ba ya gudu, ɗaga kai kawai yake yi ya zuba mini ido har in gama abin da nake yi. Wallahi na sha ganin mutuwar dabba, sana'ata ce, amma ban taɓa ganin wadda take mutuwa kaɗan-kaɗan tana kallon wanda ya yi mata ba. Matata ta ce tun da abin nan ya faru nake ture nama gefe a cikin miya. Ban ma lura ba sai da ta faɗa.

Ngo Chundung kuwa, wadda ta yi ta tsine masa da safe da yamma, yanzu ita ce take tsinto ganyen kabeji tana jefa masa ta kan ruwa. Ta ce ita kashe shi ta roƙa, ba ta roƙi wannan ba.

Kada a ce ban nemi wata hanya ba. Wani ɗan ƙungiya mai baki biyu ya zo ya duba, ya ce daga inda ƙasa take da ƙarfi ya yi masa nisa, ƙwayoyinsa rauni kawai za su ƙara. Matsawa kusa kuma ba ta yiwuwa, domin laka ce mai cin mutum, kuma kowa a nan ya san zurfin ramukan kuza, ba gidan da ba a taɓa yi wa gargaɗi a kansu ba. Samarin unguwa sun ce za su shiga masa da karnuka da adduna. Na hana su, don kada a yayyaga shi da ransa, don kuma kada a tsamo ɗan wani daga ruwa. Yau suna jin maganata, ban san gobe ba. Bindigar da za ta kai daga tsallake guda ce a duk ƙauyen nan, kuma tana bayan ƙofarka.

Saboda haka ga roƙona.

A ɓare kwalin nan a ciro mini harsashi ɗaya mai nauyin kai. Ɗaya tak. Manyan baƙi ba za su ma san an taɓa ba, in kuma sun sani, a gaya musu inda ya tafi, ban yi zaton akwai maharbin kirki da zai ji haushi ba.

A ba ni bindigata na safiya guda. A haɗa ni da shaida, ko Ɗanladin ne, ya riƙe harsashin a aljihunsa har mu isa. In kuma an daina yarda da hannuna, a turo wanda aka yarda da shi, ni zan nuna masa inda zai tsaya. Ba suna nake nema ba, naman ma ba zai ciwu ba, binne shi za mu yi. Da an gama zan sake naɗe bindigar a buhunta in dawo da ita da ƙafata. In an ga dama a ƙara mini wata shekarar a kan hukuncin, na yarda.

Sannan don Allah a daina raba harsashi a leda. A bar shi a kwalinsa, kuma in mai bindiga ya ce wannan ba na aikin ba ne, a saurare shi kafin a tura shi daji.

Dattawan da suka kafa dokar bin jini sun kafa ta ne don kada a bar dabba tana wahala a daji. Ni dai na bi jinin, ranka ya daɗe, na kuma same shi. Ga shi can a inda idona yake kaiwa, hannuna ba ya kaiwa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da hasken zuciya, ya kare 'yan ƙungiya a duk inda suka sa ƙafa, ya zaunar mana da garinmu lafiya. In na yi kaushin harshe a yafe mini, gajiya ce. Gobe ma da safe zan je in tada inji, kuma na san zai ɗago kai ya dube ni. Ina roƙon ka taimake ni in je masa da abin da yake jira.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Da Pam,
manomin rani, bayan Kuru.