Filtar rediyonka ta mutu, Malam

Malam,

Sallama irin wadda nake yi maka in na kawo fura rumfar gyaranka. Na san ba za ka karanta wannan ba. To wa zan gaya wa?

Ina cikin takabarka, ban fita ko ƙofar gida. Ko da zan fita, hanyar Isa ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, kuma an yanke sabis ɗin waya. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen da 'yarmu Luba take aure, can bayan Kamarawa. Ba wanda ya san inda ta nufa da goyonta. Gidan rediyo ne kawai ke karanto sunaye, na waɗanda suka isa Sabon Birni da na waɗanda aka yi wa sutura.

Sai rediyonka ya koma huci kawai.

Na buɗe bayansa yadda kake yi. Ka ɗauka ban saurare lokacin da kake surutu da kayanka? Ina ji. Ka ce kiristal, mai ƙafa biyu, kamar fatar ganga yake, amonsa ɗaya, amma sai an buga shi. Osileta mai ƙafa huɗu ganga ce da makaɗinta, a ba ta wuta ta yi ta bugawa da kanta. Filta kuwa rariya ce, ta bar tasha ɗaya ta wuce, ta tare sauran. Filtar ce ta tsage, 'yar ja mai ƙafa uku.

Na juye gwangwanin kayan gyaranka a faifai. Kiristal ya fi gero yawa, osileta ma akwai, filta ko ɗaya babu. Me ya sa ba ka aje mini ba?

Na ba Alhaji mai kai albasa garin Isa matacciyar filtar, na roƙe shi ya samo irinta. Bawan Allah ya yi kasada da ransa, ya dawo mini da kiristal, wai mai shago ya ce ya fi kyau. Na yi godiya. Da ya fita na yi kuka.

Sai na ɗora ƙarfenka na liƙi a gawayi, na haɗe gurbin filtar da dalma. Rediyo ya yi magana, amma kowa da kowa a lokaci guda, Sakkwato da Maraɗi, labarai a ƙarƙashin kiɗa.

Jiya da hantsi na ji an ce Lubabatu. Na ji da kunnena, Malam. Sai waƙa ta hau kai. Ban san a wane jeri aka kira ta ba, ban ma san ko tamu ce ba.

Ban taɓa gaya maka ba, zaman da nake yi a bakin rumfarka ba don inuwa ba ne.

Liman ya ce lalura ta halatta mini fita. In motoci sun tashi ran kasuwa, za ni Isa da kaina neman filta. Ina tsoron hanya, amma na fi tsoron abin da zan ji in muryar ta fito ita kaɗai.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Matarka da ka bari a ɗaki,
Hawwa'u, Unguwar Lalle