Ƙirjin Baffa Sale a Katin Baba

Daga ƙaninki Habibu, Bunkure

Yaya Hadiza, assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya zaman Ikko?

Ki taya mu murna, gidanmu ya yi masu dabara. Kin san likita ya ce tarin fuka na kwance a jikin Baba, kuma hoton ƙirjinsa ya nuna ɗan tabo, sai an sake ɗauka a ga ko ciwon na shirin tashi. To ranar komawa asibiti aka sako ruwa a kanal ɗin noman rani. Baba ya ce ba zai bar shinkafarsa ba, ya tura Baffa Sale a madadinsa da katinsa na asibiti, wai ai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hoto ya fito tas, likita ya sallame shi, har Inna ta yi sadakar waina.

Yanzu Baba tari yake, rigarsa ta yi masa yawa, ga jikoki na kwana ɗakinsa. Da na yi faɗa, Baffa cewa ya yi, "Kai Habibu, zumunci na yi." Wallahi raina a ɓace yake. Ki kira Baba, maganarki yake ji.

Ki gaida maigidan, ki sa mu a addu'a. Gobe zan koma asibitin. Wa zan ɗauka, mai tarin ko mai ƙirjin?