Kunyar da Ta Raba Ni da Mai Burodi

Zuwa ga Yaya Luba, Bagwai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafarsa, ya kawo mana ƙarshen wannan fari. Ni da maigidana Ja'afaru lafiya lau, sai kewa. Shi yana makaranta tun safe har magariba, ni kuwa daga ni sai bango.

Kin ce in ba ki labarin kasuwar Faransa. Yaya, kasuwa ce ba ciniki. Ran Asabar take ci a dandalin ɗan garin nan, kaya tsaf-tsaf, amma ba tayi, ba albarka, ba gyara. Ranar farko na ɗauki tumatir na latsa yadda muke yi wa na lambunan Watari can gida, mai kayan ya daka mini tsawa har mutane suka juyo. Ashe a nan mai saye nunawa kawai yake yi da yatsa. Baƙo dai makaho ne ko da idonsa. Ni da nake taya albasa har mai ita ya gaji ya sallama, yau na koma bebiya.

Wuri ɗaya nake jin ni ma mutum ce, gidan burodin bakin layinmu. Kullum da safe nakan sayo burodinsu, dogo kamar rake. Tsohuwar da ke sayarwa ba ta jin Hausa, ni ma ba na jin yarensu, amma takan yi mini dariya ta dafa hannuna. Makon jiya sai ta nuna cikina a gaban mutane, tana tambaya da yatsu saura wata nawa. Cikin fari fa, Yaya! Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai na fice ko sallama babu. Ja'afaru ya ce murna take taya ni, na ci mata fuska. Tun ranar sai ta miƙo burodi ta dubi na bayana. Na rasa bakin da zan gaya mata kunya ce, ba wulaƙanci ba.

To, kin ji abin da na kasa rubuta wa Inna. So nake in zo gida in haihu. Ja'afaru ya ce in ta amince zai san yadda zai yi in taho. Ƙanenmu Tasi'u ya rubuto cewa yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu, na kuma san mai jego ba ƙaramin nauyi ba ce. Ki faɗa mata ba na neman nama ko kunun kanwa, itacen wanka ma in ya yi wuya a bari. Tsoro nake ji, kada in haihu a garin da ba wanda zai shigo ya ce mini barka.

Ki gaida Baba da Inna, da Gwaggo Hure da Asama'u. In kin faɗa wa Inna ta yi shiru, ki rubuto mini hakan, zan gane.

Ƙanwarki,
Sakinatu.