Mesa a Bakin Tagarmu

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu ma nan Bronx a Amurka lafiya lau, sai dai abin da ya same mu ranar Lahadi.

Da rana zafi ya sa na ɗaga tagar ɗaki, 'yata Ummi tana barci a kan katifa daidai ƙarƙashinta, ni kuma ina kicin. Sai na ji tsuntsaye sun kaure da kuka, ba irin na kullum ba. Na leƙo, na ga sun yi cincirindo a kan tsanin ƙarfen tsere wa gobara da ke jikin tagar ta waje, suna kai sura suna ja da baya. Na tuna haka suke yi a gonar Baba in sun ga maciji.

Yaya, mesa ce, kaurinta ya kai dantsena, kanta har ya iso bakin tagar. Na lallaɓa na janye Ummi, na sauke gilashin.

Ashe ta maƙwabcinmu na hawan sama ce, kiwonta yake yi kamar kyanwa. Ya zo ya rataya ta a wuya yana murmushi, wai ba ta cizo. Na ce masa, "Ai dama mesa ba da cizo take kisa ba."

Har yanzu tana nan samanmu, tagar kuwa ban sake buɗe ta ba. Baban Ummi yana ta neman wani gidan. Ku sa mu a addu'a, a gaida kowa da kowa. Don Allah kada Inna ta ji wannan, kin san hawan jininta.

Ƙanwarki,
Rabi